Yadda Ake Rubuta Gajeren Labari Kan Alaƙar Turawan Ingila da Faransawa

Daga Dover ta Ingila zuwa gaɓar Faransa kusa da Calais, faɗin ruwan bai cika kilomita 35 ba. Idan gari ya yi garau, wanda ke tsaye a ɓangaren Faransa yana hango fararen duwatsun Dover da idonsa. Mutanen da ke hango juna haka sun kusa shekara dubu suna yaƙi, suna auratayya, suna ciniki, kowa na tsokanar ɗan'uwansa a bayan ido da gaban ido. Mai neman abin rubutawa ba zai rasa ba a nan. Matsalar ma ita ce abin ya yi yawa, gajeren labari kuwa ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Wanda ya ce sai ya cusa Ingila da Faransa gaba ɗaya cikin shafi shida, darasin tarihi zai rubuta, mai karatu ya gudu tun a shafi na biyu. Mutum biyu kake buƙata, kuma labarin ba zai tashi ba sai ɗayansu yana da wani abu a hannun ɗayan.

Zan bi matakan da misali guda, ƙagagge, amma wanda aka ɗora kan abubuwan da suka faru da gaske.

Mataki na 1: Ka fahimci irin zaman da ke tsakaninsu

Wannan ba gabar baƙo da baƙo ba ce. A 1066 William, mai mulkin Normandy a arewacin Faransa, ya ƙetare ruwa ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings, ya hau gadon sarautar Ingila. Daga nan fadar Ingila da manyan ƙasa suka shafe kusan shekara 300 suna magana da Faransanci, talakawa na ta Turancinsu. Har gobe taken da ke jikin tambarin masarautar Birtaniya da Faransanci aka rubuta shi. Yaƙin da ake kira na Shekara Ɗari, daga 1337 zuwa 1453, asalinsa rikicin gado ne, domin sarakunan Ingila na iƙirarin su ma suna da haƙƙi a sarautar Faransa. A cikinsa aka ƙone Jeanne d'Arc, budurwar da ta jagoranci sojojin Faransa, a Rouen a 1431, lokacin garin na hannun Ingila. Calais ta zauna ƙarƙashin Ingila daga 1347 har 1558. Aka gwabza a Trafalgar a 1805, aka sake a Waterloo a 1815, sannan a 1904 suka sa hannu a yarjejeniyar ƙawance ta Entente Cordiale, suka shiga yaƙin duniya guda biyu a sahu ɗaya.

Tsokanar da suke yi wa juna a yau ta yi kama da wasan Kanawa da Zagezagi: wannan ya ce wancan bai iya girki ba, wancan ya ce wannan girman kai ya yi masa yawa, a yi dariya a watse. Sai dai a ƙarƙashin nasu wasan akwai kaburbura, wasu ma 'ya'ya da jikokin masu su suna raye. Dole ka riƙe duka biyun a zuciyarka kana rubutu.

Mu ma abin bai tsallake mu ba. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, waɗannan biyun ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1890 da 1898, sannan a 1904 suka sake matsar da ita don Faransa ta samu hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi. Bahaushen da ya yi boko da Turanci alhali ɗan baffansa ya yi da Faransanci ya san halin mutanen nan biyu ta wata fuskar da su kansu ba su cika kallo ba. Don haka kada ka shiga wannan fage da ɗari-ɗari.

Mataki na 2: Ka zaɓi ƙaramar ƙofa

Yini ɗaya ya ishi gajeren labari, wani lokaci ma awa biyu. Ka nemi wurin da talakan nan da talakan can suka haɗu ido da ido. Bayan 1685, da Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ke bai wa 'yan Furotesta kariya, dubban Faransawa da ake kira Huguenot suka gudu Landan, da yawa suka zauna a unguwar Spitalfields suna saƙar siliki. Cocin da suka gina a Brick Lane a 1743 daga baya ya zama wurin ibadar Yahudawa, tun 1976 kuma masallaci ne. Akwai tsofaffin sojojin Birtaniya da suka tsaya a arewacin Faransa bayan 1918 suna kula da maƙabartun abokansu da suka mutu a fagen fama na Somme, har suka yi aure a ƙauyukan. Akwai maginan hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku, da suka fasa bangon ƙarshe suka gaisa ranar 1 ga Disamba 1990. Akwai 'yan fanshon Ingila da suka sayi gidaje a yankin Dordogne na Faransa, sai ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2020 ta mayar da su masu bin layin neman takardar zama.

Ni 'yan albasa na zaɓa. A yankin Bretagne, can ƙuryar arewa maso yammacin Faransa, akwai garin bakin teku mai suna Roscoff, inda ake noma wata albasa mai ɗan ja-ja da zaƙi, wadda ke daɗewa a ajiye ba ta lalace ba. A da, ƙetare ruwa zuwa Ingila ya fi musu sauƙi da bin hanyar ƙasa zuwa Paris. Ana danganta farkon cinikin da wani Henri Ollivier, wanda ya kai kaya Plymouth a 1828. Daga nan abin ya zama ci-rani na shekara-shekara: bayan girbi, wajen watan Agusta, sai maza da yara su bi jirgi da albasarsu, su kama hayar wani tsohon sito, a nan za su kwana a nan za su kitsa albasar a jikin igiya, da safe su fantsama gida-gida. Da farko a sanda suke ratayo ta a kafaɗa, daga baya keke ya shigo. A ƙarshen shekarun 1920 yawansu ya haura dubu. Turawan Ingila na kiran kowannensu Johnny, saboda da yawa sunansu Jean ne ko Yann. Sana'ar ba ta rasa hawaye ba: a Nuwamba 1905 jirgin Hilda ya nutse kusa da Saint-Malo, mutum sama da 100 suka rasu, da yawansu 'yan albasa ne masu komawa gida.

Abin da ya ja ni gare su shi ne, ga matar aure a wani lungun Ingila a wancan zamani, mai albasar nan shi kaɗai ne Bafaranshen da ta taɓa gani da ido. Hoton nan da 'yan Ingila ke zana Bafaranshe da shi, mai hular bere da keke da igiyar albasa, daga wurinsu ya samo asali. Su kuwa da yawansu harshen Breton suka tashi da shi a gida, ba Faransanci ba.

Mataki na 3: Taurari biyu, da abu ɗaya a tsakaninsu

Ka ɗauki dattijo mai albasa daga Roscoff, da wata mata da mijinta ya rasu, a Portsmouth, garin sojan ruwa. Shekara da shekaru yana ƙwanƙwasa mata ƙofa duk kaka, ɗansa ƙarami na biye da shi. Ita ma ɗa ɗaya gare ta. A Satumba 1939 yaƙi ya ɓarke, dattijon ya koma gida a gurguje, ya bar kekensa a bayan gidanta da niyyar dawowa ya ɗauka. Sai bayan shekara goma ya sake taka ƙasar. Ya zo karɓar kekensa.

Keken nan shi ne ginshiƙin labarin. Shi ya ba dattijon dalilin zuwa, ya ba matar dalilin buɗe ƙofa, ya ba su abin da za su riƙa magana a kai alhali maganar da ke cinsu daban ce. Ka guji haɗa taurarinka a tashar jirgi don kawai su yi hirar bambancin al'adu. Mutanen da ba abin da ya haɗa su suna iya tashi su tafi kowane lokaci, mai karatu ya san da haka. Ajiya, bashi, alkawari, wasiƙar da ba a kai ba: ɗaya daga cikinsu ya isa.

Mataki na 4: Ka nemo inda tarihi ya yi musu rauni, sannan ka binne shi

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Kusan kowace rana a tarihin mutanen nan tana da fuska biyu. Dubi Dunkirk, garin bakin teku a arewacin Faransa inda Jamusawa suka yi wa sojojin Birtaniya da Faransa ƙawanya. Daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni 1940 aka kwashe sojoji kimanin 338,000 ta ruwa zuwa Ingila, sama da 100,000 cikinsu Faransawa. A Ingila ana tuna abin a matsayin kuɓuta mai ban al'ajabi. A Faransa akwai waɗanda abin da suka riƙe shi ne dubban sojojinsu da suka tsare baya har aka gama kwasar, suka faɗa hannun Jamusawa.

Wata guda bayan haka aka yi wanda ya fi muni. Faransa ta ajiye makami ranar 22 ga Yuni. Firaministan Birtaniya na lokacin, Churchill, ya ji tsoron kada manyan jiragen ruwan yaƙinta su faɗa hannun Hitila. Ranar 3 ga Yuli rundunar Birtaniya ƙarƙashin Admiral James Somerville ta tsaya a bakin tashar Mers el-Kébir, kusa da Oran ta Aljeriya, ta ba Admiral Gensoul zaɓi: ko ya bi su a ci gaba da yaƙi, ko ya kai jiragen inda hannun Jamus ba zai kai ba, ko ya nutsar da su da kansa. Aka wuni ana aike-aike ba a daidaita ba. Da yamma Turawan Ingila suka buɗe wuta a kan mutanen da makonni kaɗan baya abokan yaƙinsu ne. Sojojin ruwan Faransa kusan 1,300 suka mutu, kimanin dubu a cikin jirgi ɗaya mai suna Bretagne, wanda ya fashe ya kife. Cikin jiragen da suka yi harbin akwai HMS Hood (HMS laƙabi ne da ake sa wa jiragen yaƙin Birtaniya). Ba a cika shekara ba, ranar 24 ga Mayu 1941, jirgin Jamus Bismarck ya nutsar da Hood ɗin. Cikin mutum 1,418 uku kawai suka tsira.

Yanzu ka sa ɗan mai albasa a cikin Bretagne, ka sa ɗan matar a cikin Hood. Yaran da suka taɓa wasa a bakin ƙofa ɗaya, jirgin wannan ya harbi na wancan, kuma teku ta haɗiye su duka biyun.

Duk wannan bayani kai ne za ka sani. A cikin labarin, abin da zai fito bai wuce jimla uku ko huɗu ba. Kada wani tauraro ya tsaya yana karanto kwanan wata da adadin mamata; uban da ɗansa ya mutu ba ya magana da alƙaluma. Ka sa tarihin a jikin wani abu da ido zai gani. A ɗakin matar akwai hoton ɗanta da kakin sojan ruwa, sunan jirginsa a rubuce a jikin ƙyallen hularsa. Dattijon bai iya karatun Turanci sosai ba, amma haruffa huɗun nan ya san su, duk mutanen garinsu sun san su. Shi ya gane. Ita ba ta san a wane jirgi nasa ɗan ya mutu ba. Tambayar da za ta riƙe mai karatu har ƙarshe ita ce ko zai faɗa mata.

Mataki na 5: Ka bar su su yi magana kaɗan

Turanci suke yi, nasa kuma na ciniki ne, wanda ya koya a bakin ƙofofi. Da Hausa za ka rubuta, to yaya za ka nuna haka? Kada ka gurɓata masa Hausa don a yi dariya. Da zarar mai karatu ya yi masa dariya ka rasa shi. Ka gajarta masa jimla kawai. Amma idan muka shiga zuciyarsa, inda yake tunani da harshen uwarsa, sai ka sakar masa harshe ya yi magana cikakkiya. Ga yadda zai iya kasancewa:

Ta buɗe ƙofar rabi. Ta dubi hularsa, ta dubi igiyar albasa ɗaya tak da ke rataye a kafaɗarsa.

"Joni," in ji ta. "Ka tsufa."

"Madam. Keke."

"Yana nan inda ka bar shi. Tayoyin sun sace, kaca ta yi tsatsa. Na hana a taɓa." Ta leƙa bayansa. "Ina yaron da ke biyo ka?"

Ya sauke igiyar daga kafaɗa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Teku, Madam."

Ta ɗan jima riƙe da albasar a ƙirjinta. Sannan ta ja ƙofar ta buɗe gaba ɗaya.

"Nawa ma. Shigo, ruwa na kan wuta."

Ka lura ba wanda ya ce "yaƙi", ba wanda ya ambaci ƙasa. Ka kuma lura da sunan da take kiransa. Shekara ashirin tana ce masa Joni, sunan da ake kiran duk mai albasa. Idan a wani wuri ta tsaya ta tambaye shi sunansa na gaskiya, wannan kaɗai babban motsi ne a labarin. In kuma taurarinka Faransanci suke yi, ka tuna harshen yana bambanta yadda ake yi wa na kusa magana da yadda ake yi wa wanda ake girmamawa, abin da Turancin yau ba shi da shi. Hausa na iya ɗaukar wannan da "kai" da "ku", sai ka yi amfani da damar.

Mataki na 6: Tsokanar ƙabila ta fito daga bakin tauraro

Cewa 'yan Ingila masu sanyin fuska ne, Faransawa masu yawan surutu da son abinci, magana ce da su ma suna yi. Maƙwabciya na iya leƙowa ta katanga ta ce ai Faransawa sun miƙa wuya cikin mako shida. Dattijon na iya raya wa ransa cewa mutanen nan dafa kayan lambu suke yi har ya mutu. Wannan halinsu ne, ka bar musu. Abin da bai halatta ba shi ne kai marubuci ka gaskata tsokanar, ka gina tauraro a kanta. A misalinmu Bafaranshen ne mai shiru, Baturiyar Ingila ce mai magana, kuma hakan ya fi kama da yadda mutane suke.

Mataki na 7: Idon wa, daga ina, zuwa ina

Ka tsaya a idon mutum ɗaya. A nan idon dattijon ya fi, tunda shi ke ɗauke da sirrin. Ka fara a bakin ƙofa, ba a cikin jirgin da ya kawo shi ba, ba kuma a 1939 ba. Abin da ya wuce zai shigo ɗan kaɗan-kaɗan, yayin da yake duba sirdin keken ko yake kankare tsatsa.

Sai ka ba wa ƙananan abubuwa nauyinsu na lokacin. A 1949 Ingila na kan rabon abinci da kati: ganyen shayi bai fita daga rabon ba sai 1952, sukari sai 1953. Matar da ta zuba wa baƙo cokali biyu na sukari ta ba shi wani abu daga bakinta ne. Albasa kuma ta yi tsananin wuya a Ingila lokacin yaƙi, da aka yanke hanyar Bretagne, har ta zama abin kyauta mai daraja. Saboda haka igiyar da ya miƙa mata da kofin da ta miƙa masa sun isa su ɗauki abin da baki ya kasa faɗa.

Ƙarshen fa? Hanya mafi sauƙi ita ce ya faɗa mata, su yi kuka, wani ya ce yaƙi ba shi da amfani. Ka guje ta. Mai karatu ya riga ka isa can. A ganina ya fi ƙarfi idan ya yi shiru, kuma muka ga abin da shirun ya ci masa: hannunsa na rawa a kan kofin, ga hoton na kallonsa, ita kuwa tana ta ba shi labarin yadda ɗanta ke son teku tun yana yaro. Ko kuma ita ce za ta tambayi watan da nasa ya rasu, ya ce Yuli, ta yi lissafi a ranta, ta tashi ta ɗauko famfon keken ɗanta ta ba shi ya buga wa tayoyin iska. Wanne ka ɗauka ya danganta da abin da kai ka yarda da shi game da gafara, ko tana buƙatar a faɗi gaskiya tukuna ko ba ta buƙata. Ka yanke wannan hukunci kafin ka rubuta shafin ƙarshe, kada kuma ka sa shi a bakin kowa.

Mataki na 8: Bincike da aski

Ƙaramin kuskure na rusa yardar mai karatu. Kafin 1971 kuɗin Ingila fam ne da sule da kwabo, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, lissafin da kakanninmu a Najeriya suka yi ciniki da shi. A Ingila hannun hagu ake bi, a Faransa dama, don haka dattijon da ya shekara goma bai zo ba zai iya ruɗewa a mararraba. Hoton nan ma akwai tarko a cikinsa: lokacin yaƙi an daina rubuta sunan jirgi a hular sojan ruwan Birtaniya, HMS kawai ake sawa. Dole ke nan hoton ya zama na kafin yaƙi, wato yaron ya shiga aiki tun kafin 1939, kuma shekarunsa su dace da haka. Kowace shekara da kowane sunan jirgi ka duba shi a wuri biyu, ɗaya na ɓangaren Ingila ɗaya na Faransa, domin sau da yawa za ka tarar sun yarda a kan adadi sun saɓa a kan laifi.

Bayan haka ka karanta da ƙarfi, ka cire duk jimlar da ta fara da "Faransawa dai" ko "su Turawan Ingila" matuƙar ba daga bakin tauraro ta fito ba. Kalma 1,500 zuwa 2,500 sun wadatar. Sunan labarin ma ka ɗauko shi daga abin da ke tsakaninsu, keken ko igiyar albasar, ba daga sunayen ƙasashen ba.

Kafin ka fitar da shi, ka ba mutum biyu ko uku da ba su san tarihin ba su karanta, ka yi musu tambaya biyu. Ta farko, me dattijon ya gani a hoton? In ba su gane ba, ka binne tarihin da zurfi fiye da kima, sai ka ƙara jimla ɗaya a inda yake tuna ranar da saƙon mutuwar ya iso Roscoff. Ta biyu, bayan wa marubucin yake? In duk suka nuna mutum ɗaya, ka koma kan ɗayan ka ƙara masa shafi rabi, ka ba shi abin da yake so da abin da yake tsoro, sannan ka sake ba su.